Sitikar Da Ya Tura Wa Umma

Jama'a ku gyara zama. Masu cika min waya da "Auta, wai ina maganar mutumin naki ta kwana?", yau zan fitar da ku daga duhu. Amma sai kun yi haƙuri na fara daga shagon Abbanmu, don in ba ku san shagon nan ba, ba za ku gane yadda hoto ɗan mitsitsi ya kusa raba ni da wanda nake so ba.

Abba, Allah ya jiƙansa, mai gyaran waya ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, in mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Tebur ɗaya ne, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, ga warin dalma da ke bin rigarsa har gida. A kusurwa kuma akwai tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, wadda in an kunna ta sai ka rantse injin niƙa aka tayar. To a cikinta duk daɗin yake.

Ku yaran yanzu ba ku san wahala ba. Yau in kana son hoto mai motsi, yatsa kawai za ka ɗora su zubo maka har ka rasa na zaɓa. A lokacinmu nemansa ake yi. Mutum zai zaro memorinsa ya miƙa wa Abba ya ce a zuba masa sautin kira da masu motsi. Akwai jan fure da ke buɗewa yana ƙyalƙyali, akwai zuciya mai bugawa, akwai wani jariri mai rawa da har gobe in na tuna shi sai na yi dariya, da ruwan da ke zubowa daga kan dutse ba ya ƙarewa. In kuma ƙawarki ce za ta tura miki, sai kun kunna bulutut kun haɗa wayoyinku kusa da juna, kuna kallon sandar nan tana cika a hankali. Tsautsayi ya sa aka kira ɗayarku ta tashi, shikenan an koma farko.

Ina ƙarama na taɓa tambayarsa, "Abba, wa ke cikin wayar yana buɗe furen?"

Bai yi min dariya ba. Ya jawo tarin katunan waya da aka riga aka kankare, ya zana ɗan tsuntsu a bayan kowanne, fiffiken wannan a sama, na wancan ya ɗan sauko. Ya haɗa su ya murza da babban yatsa, sai ga tsuntsu yana tashi a hannunsa.

"Hotuna ne a tsaye, Auta," ya ce. "An jera su ne suna bin juna da sauri, in sun ƙare su koma farko. Idonki ne ke ba su rai. Kuma abin nan ya girme ki, tun kafin waya ta shigo aljihu yana cikin kwamfuta."

Jan furen nan shi ne abu na farko da na ga Abba ya tura wa Umma. Suna zaune kan kujera ɗaya a falo ya ce ta kunna bulutut. Umma ta harare shi ta ce, "Ga ni ga ka, me za ka turo min da bakinka ba zai iya faɗa ba?" Amma ta kunna. Ta ɗora furen a fuskar wayarta, yana cinye mata caji tana mita, kuma ba ta taɓa cire shi ba.

Da zamani ya juya aka shiga sitika, Yayana, wanda tsokana ta yi masa yawa, ya shiga yanko hotunan mutanen gidanmu yana mayar da su masu motsi a guruf ɗin iyali. Ni ya kama ni ina hamma. Gwaggo, yayar Abba, ya kama ta tana nuna yatsa. Amma ta Abba ta fi kowacce. Yana duƙe kan aiki Yaya ya kira shi, sai ya juyo, ya tura gilashinsa sama kan goshi, ya yi dariyar nan tasa da ke rufe masa ido, ya gyaɗa kai. Iyakarta kenan, ta koma farko. Duk abin alherin da ya faru a gidanmu ita ake turawa. Na ci jarrabawa, Abba ya gyaɗa kai. Umma ta ce abinci ya sauka, Abba ya gyaɗa kai. Daga baya shi da kansa ya koyi tura kansa. Gwaggo ta ce rashin kunya ce a mayar da magidanci abin wasa, washegari kuma ta bi Yaya ta bayan fage ta ce ya nuna mata inda ake ajiyewa.

Da Abba ya rasu, Yaya ya rubuta a guruf cewa kowa ya goge ta, kar wani ya tura bisa kuskure ya fama wa Umma ciwo. Muka goge, ni ina gogewa ina kuka. Ba a jima ba wayar Umma ta mutu da duk abin da ke cikinta. Yaya ya ce zai kai a duba, ta naɗe ta a hankici ta jefa a durowa ta ce, "Mai gyaran ya tafi." Hotunansa ma duk ta sauke daga bango, ta bar ƙwaya ɗaya na ƙuruciyarsa, ba gemu ba gilashi, ya ɗaure fuska kamar an ce in ya motsa za a ci shi tara. Shekaru suka wuce a haka, guruf ɗinmu ya koma wurin sanarwar rasuwa da gaisuwar safe.

To yanzu ga mutumin.

Ina aiki a shagon buga takardu, shi kuma mai zanen taswirar gini ne, yakan kawo manyan takardunsa a buga masa. Dogo ne, baƙi, rigarsa kullum a goge, fensir a aljihu. Na daɗe ina ɗauka girman kai ne ke hana shi magana, ashe i'ina yake da ita, mai ƙarfi kuwa. In kalma ta maƙale masa sai ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Lambata ya karɓa don turo aiki, kun san sauran. A wayata na sa masa Mai Zane. Yaya kuwa tun da ya leƙa hirarmu ya raɗa masa Malam Sitika.

Gaskiya sunan ya dace. In na ce masa ina kwana, sai ya turo mage tana miƙa. In na yi fushi, sai ga wani ɗan yaro ya haɗa hannuwa yana ƙifta ido. Ran da na ce kaina na ciwo, ya turo kofin shayi mai tururi, ban ankara ba sai ga shi a ƙofar shago da magani a leda. Wata rana na rubuta masa, "Wai kai ba ka da kalmomi ne?"

Ya jima yana rubutu, sannan ya turo: "Ina da su. A baki suna maƙalewa, a rubuce kuma sai na ga sun bushe. Waɗannan ko ba komai suna motsi."

Wallahi a ranar zuciyata ta gama tafiya. Ban ɓoye muku ba, ina sonsa.

Matsalar Gwaggo ce. Tun rasuwar Abba ta ɗauki kanta a matsayin bakinsa a gidanmu, kuma Gwaggo ba ta san rufa-rufa ba.

"Ke Auta, duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki kwaso sai wanda gaisuwa ma sai an taya shi? Ranar da kuka yi faɗa, magen ce za ta zo ta ba ki haƙuri?"

"Gwaggo, mutumin kirki ne fa."

"Kujerar nan ma ta kirki ce, ba ta taɓa zagina ba."

Umma ta ci gaba da ninke kaya. Sai da Gwaggo ta fita alwala ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ki ce ya zo na gan shi. In hankalina ya kwanta, shikenan. In bai kwanta ba, Auta, kar ki ƙara kawo min maganarsa." Kuma duk wanda ya san Umma ya san in ta rufe magana ta rufu.

Ranar Asabar ya zo. Tun safe nake goge falon da ba shi da datti. Na canza labule, na sa turare, na saka doguwar rigata mai ruwan toka da farin mayafi, na cire ɗan kunne na mayar ya fi a ƙirga. Shi kuma ya shigo cikin farare tas. Ya durƙusa gaban Umma, ya buɗe baki zai gaishe ta, sai kalmar ta tsaya cak.

"Ina... ina... in..."

"Ina wuni," Gwaggo ta ƙarasa masa. "Lafiya lau. Sai kuma me?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Duk abin da ya fara sai Gwaggo ta riga shi, har ta amsa wa kanta. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, lemon da na zuba masa ko kurɓa bai yi ba. Umma dai kallonsa kawai take, fuskarta ba yabo ba fallasa. Da ya tashi tafiya ya yi tuntuɓe da takalmin Yaya a bakin ƙofa.

Bayan la'asar Umma ta ce na ba ta lambarsa. Ta sa tabaranta, ta ɗauki wayar da ta saya daga baya, ta rubuta da yatsa ɗaya kamar yadda ta saba: "Ka isa gida lafiya? Na gode da ziyara. Allah ya yi maka albarka." Ina gefenta a kan hannun kujera, a raina ina cewa Allah ka sa ya rubuta amin kawai, Allah ka raba mu da mage.

Wayar ta yi ƙara. Ba mage ba ce.

Wani dattijo ne mai farin gemu, hoton ya dusashe saboda yawan yawo daga waya zuwa waya, an rubuta "Madalla" da rawayen rubutu a ƙasansa. Ya juyo, ya tura gilashi sama kan goshi, ya yi dariya har idonsa ya rufe, ya gyaɗa kai. Ya koma farko. A bayansa ga fitilar nan mai lanƙwasasshen wuya.

Abba ne.

Umma ta gyara tabaranta. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallo, Abba yana juyowa yana sake juyowa. Can ta miƙe ta shige ɗaki da wayar, ta turo ƙofa. Gwaggo da ta leƙo ta kafaɗata ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Ɗan'uwana yake wa ba'a? Mamacin ma bai bari ba? Wa ya ba shi?"

Ta juyo kaina. Na rantse mata ban da ita, ni da na goge da hannuna. Yaya ne ya zauna a hankali kan kujera yana shafa ƙeya. Ashe tun Abba na da rai ya taɓa tura ta guruf ɗin 'yan ƙwallonsu. Daga nan wa ya san inda ta bi. Mu mun goge tamu, ita kuwa tana can tana yawo a wayoyin mutanen da ba su san sunansa ba.

Na shiga ɗakina na rubuta masa, "Ka san wanda ka tura wa Umma?"

"Wani dattijo ne. Abokan aiki suka turo min kwanan nan. Na duba duk nawa, mage ne da yara, na ga bai dace na tura wa babba ba. Shi kaɗai ne mai mutunci a ciki."

Kun ji fa. Ni dariya zan yi ko kuka? Na rubuta, "Mahaifina ne."

Sai ga kira. Mutumin da tun da muke bai taɓa kirana don ransa ba. Na ɗaga, ban ji komai ba sai numfashinsa da kalmar da ke ta kokawa ta fito. Na ce masa ya bari, na kashe, na kifa kai a filo na yi kukan da na daɗe ban yi ba. Kukan Abba nake, kukansa kuma nake, don a ganina magana ta riga ta ƙare. Umma ba ta fito cin abinci ba ranar.

Da hantsi washegari na ji sallama a ƙofa, wata irin sallama da aka ja ta da ƙyar. Shi ne, da rigar jiya, idonsa ja. Gwaggo ta tashi za ta tare shi, sai muryar Umma ta fito daga ɗaki: "Ku bar shi ya shigo." Ta fito da baƙin mayafi, idanunta a kumbure, wayar na hannunta. Ta zauna, ya durƙusa nesa da ita.

"Um... Umma, ki... ki ya..."

"Ki yafe masa yake nufi," in ji Gwaggo.

"Yaya, bar shi ya faɗa da bakinsa," Umma ta ce wa Gwaggo. "Ba inda za mu."

Ya runtse ido, ya yi ta fama, Umma na jiransa ba ta ko motsa ba, har ya fitar da ita cikakkiya: ki yafe min, ban sani ba. Ta gyaɗa kai kaɗan.

"Tambayarka zan yi, ka gaya min gaskiya. Mutanen da ke tura shi, da me suke tura shi? Zagi ake da shi?"

Ya girgiza kai da sauri. Ya ciro wayarsa, ya matso da gwiwa, ya buɗe guruf ɗin wurin aikinsu yana nuna mata. Ni ma na matso. Wani ya rubuta matarsa ta sauka lafiya, a ƙasa Abba yana gyaɗa kai. Wani ya ce an sallamo mahaifiyarsa daga asibiti, Abba ya ɗaga gilashi yana dariya. Wata ta ce an amince da zanenta, Abba har sau biyu.

"In an... in an ji da... daɗi," ya ce. "Shi ake tu... turawa. Kowa na so... sonsa."

Umma ta daɗe tana kallo. Hawaye na bin kumatunta ba ta share ba. "Da ransa ma haka yake," ta ce. "Ba ya iya ganin abin farin cikin mutum ya wuce." Sai ta miƙa masa wayarta. "Jiya ban bari ta mutu ba, tsoro nake in ta mutu ya tafi. Ya ake yi ya zauna?"

Ya karɓa da hannu biyu, ya nuna mata inda za ta danna ta riƙe, da ɗan tauraron da ke ajiye ta. Ya sa ta yi da kanta, ta kuskure, ya sake nuna mata ba gajiya. Da ta iya, ta karɓi wayarta ta ce, "Tashi ka je, ka gaida gida." Iyakar abin da ta ce kenan. Ba eh, ba a'a. Na raka shi bakin ƙofa, ya kalle ni na kalle shi, ya juya ya tafi.

Wunin ranar na yi shi kamar mai zazzaɓi. Gwaggo ta koma gidanta da azahar ba ta yi wa kowa sallamar kirki ba. Da yamma ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara, na goge hannu a zani na duba. Gwaggo ce a guruf ɗin iyali, inda kowa da kowa yake.

"To uwar Auta, mun ga yaro, mun ga abin da ya yi. A daina ja wa yarinya rai. Ki faɗa mana a nan kowa ya ji, a sallame shi ne ko kuwa?"

Na jingina da bangon kicin. Ina ganin sunayen 'yan'uwa suna karantawa ɗaya bayan ɗaya. Sai alama ta nuna Umma tana rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Umma da ko gaisuwa ce sai ta ɓata lokaci tana neman haruffa, na san zan bushe a tsaye kafin ta gama.

Ba rubutu ta turo ba.

Abba ya juyo, ya tura gilashinsa kan goshi, ya yi dariya, ya gyaɗa kai.

Na zame na zauna a ƙasan kicin da kumfa a gwiwar hannuna. Tun ranar da muka goge shi bai sake shigowa guruf ɗin nan ba, sai yau, a kan maganata. Yaya ya turo shi shi ma. Wata 'yar kawunmu ta turo. Can ƙasa, bayan kowa ya gama, Gwaggo da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba ta rubuta layi ɗaya: "Don Allah wani ya nuna min tauraron nan." Daga ɗakin Umma kuwa na jiyo wani sauti da na manta kalarsa, dariya ce haɗe da jan hanci.

Na ɗauki hoton allon na tura wa Mai Zane, ban ƙara ko kalma ba. Na zauna ina jiran mage, ko ɗan yaron nan mai tsalle. Ya gani. Sai a saman hirarmu na ga abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi: yana naɗar murya.

Ina rubuta muku wannan, wayar na gefena, har yanzu yana naɗa. Ku bar shi ya faɗa da bakinsa, ni ba inda za ni.